Takardar da Ta Tsallako da Ɗaurin Aure

Najaha na zaune a tsakar gida tana gasa wa ɗiyarta Zuhra ƙafafu da tsumma mai ɗumi. Amosanin jinin ya sake tashi, yarinyar ta yi kuka har muryarta ta dushe. Sai ga uwar mijinta, Hajiya Shekara, ko sallama babu.

"Munkaila, fito ka sallami matar nan. Jinin gidansu ne, ƙanenta ma ciwon ya kashe. Mu a zuri'armu ba mu san shi ba."

Najaha ta sunkuyar da kai, hawaye na zuba. Jiya lokotoron Zinder, wato likita, ya gaya mata a wasu ƙasashe ana gyara irin wannan jinin, ana ma tantance ciki tun bai zama mutum ba, inda doka ta yarda. Ita kuwa a Matameye ko maganin rage zafi sai an sha wuya. Yanzu ga aurenta ma zai tafi.

Munkaila ya fito daga ɗaki, riƙe da wata tsohuwar takarda a hannunsa.

"Hajiya, ki gafarce ni, yau kam sai na faɗa. Najaha, kin tuna a Daura, garinku can tsallaken iyaka, za a ɗaura aurenmu? Limamin unguwarku ya ce sai mun kawo takardar gwajin jini. Na riga ki yi, aka ce ina ɗauke da rabin ciwon. Hajiya ta ce a dawo da ɗaurin auren nan gidan kawunki, inda ba mai tambaya. Ni kuma tsoron rasa ki ya rufe mini baki."

"Ashe ba don zumunci aka dawo da shi ba?" Abin da Najaha ta iya faɗa ke nan. Shekara huɗu tana shan gori a kan jininta!

Hajiya ta zauna daɓas a bakin tabarma. Can ta miƙa hannu ta karɓi tsumman, ta ci gaba da gashin da kanta tana kuka.

"Yafe mini, 'yar nan."

Najaha ta yafe, don haƙuri halinta ne, kuma Allah ya wanke ta a gaban wadda ta zarge ta. Amma ciwon Zuhra bai san an shirya ba. Iyaye, ku ji tsoron Allah: ana iya tsallake iyaka a guje wa takarda, jikan da za a haifa ne ba shi da wurin gudu.