Sallamar da Maharazu Ya Yi a Shanghai

Magariba ta kawo kai, Maharazu yana kicin yana nuna wa matarsa Rabi'a hotunan Shanghai, sai dutse ya faɗo a kan rufin gidan. Wani ya biyo baya, ya fasa gilashin tagar falo. Yaran unguwarsu ta Erdington ba sa rasa ƙiriniya, amma da ya leƙa bai ga kowa ba. Abin da ya tsinta gutsuren tubali ne mai launin toka, irin wanda ba a gini da shi a Birmingham.

Ba su daɗe da dawowa daga Shanghai ba. Tun da hukumar birnin Birmingham ta rage ma'aikata har da shi, injiniya guda ya koma zaman gida, kunya tana cin sa a ɓoye. Da wani kamfanin gine-gine na Shanghai ya kira shi ya zo ya ga aiki, har sujada ya yi. Ya tafi da 'yarsa Saudatu, da yake ana hutu. Yarinyar ta haukace da son garin: ga tsofaffin benayen Turawa jere a bakin kogi, ga dogayen gidajen gilashi a tsallake suna ta walƙiya. An kai su wani tsohon kangon gida da babu kowa a wani lungu, na zamanin Faransawa, wanda za a ba shi aikin rushewa. Ya ce zai yi, da gudu ma.

Daga ranar jifan gidan ya rikice. Kullum rana ta faɗi sai Saudatu ta zauna a matakala, fuskarta a bango, tana gunaguni da wata murya mai kauri. Ta daina cin abinci, ta rame. Likita ya ce gajiyar karatu ce. Rabi'a ta dubi mijinta ta ce, "Abban Saudatu, wannan ba aikin likita ba ne."

Aka kira Malam Ashafa, ya zo daga unguwar Old Trafford. Bincike yake yi a jami'ar Manchester, amma mahaddaci ne, kuma ya san ruƙiyya. Bayan sallar magariba ya zauna ya fara karatu a hankali. Jikin yarinyar ya ɗauki rawa, idanunta suka juye.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Mai gida ne ni," in ji muryar. "Tun Faransawa ba su gama aza tubalin ba nake ciki."

"Me ta yi maka?"

"Ba ita ba. Ubanta."

Maharazu ya matso kusa. Muryar ta ci gaba:

"Mutane nawa suka shiga gidan nan suka fita, babu wanda ya taɓa kula ni. Shi ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama. Na amsa. Na ji daɗi, na ce yau na yi baƙo. Sai ya fito da abin awo."

Maharazu ya tuna. Kangon babu kowa, amma bakinsa ya saba, haka aka tarbiyyantar da shi a Zariya, ba a shiga gida sai da sallama. Har abokan tafiyarsa suka yi masa dariya.

Aljanin ya nemi a yanka masa baƙin zakara. Malam ya ce ko gashinsa ba zai samu ba, ya ƙara ɗaga murya da karatu har yarinyar ta yi ƙara.

"To, ya rantse ba zai koma ba!" in ji muryar.

"Ko bai koma ba wani zai rushe shi," in ji Malam.

"Wani bai yi mini alkawarin aminci ba."

Malam ya juyo. "Ba dole ka rantse masa ba, Injiniya. Zai fita, amma za a ɗauki lokaci, kuma ita za ta sha wahalar."

Maharazu ya dubi wuyan 'yarsa, duk ƙashi ya fito. Ya san babu wani aikin da ke jiransa, ya san zaman gidan da zai koma. Ya ɗaga yatsa ya rantse.

Saudatu ta yi atishawa, ta sulale a jikin uwarta. Can ta buɗe ido, ta nemi ruwa, ta sha. Ta ga ubanta durƙushe a gabanta, ta yi murmushi da muryarta ta da.

"Daddy, yaushe za mu yi moving zuwa Shanghai?"

Ya sunkuyar da kai. Rabi'a ce ta ce mata ta ƙara shan ruwa.