Gaba Huɗu a Rijiyar Fada

A shekarar farko ta sarautar autan tsohon Sarki, cikin bazara, lokacin da ƙasa ke tsagewa don zafi, aka kewaye birnin da yaƙi. Wanda ya kawo yaƙin ba baƙo ba ne. Yarima ne, wan Sarki, wanda masu zaɓen sarki suka tsallake. Ya fita ya aro dakaru wajen kawunnansa, ya dawo ya kafa sansani tsakanin ganuwa da kogi. Daga ranar ba wanda ya sake ɗebo ruwan kogi. Ran birnin gaba ɗaya ya koma cikin rijiya guda, babbar rijiyar da ke bayan fada.

Rijiyar nan tana da mai kula da ita, ana ce masa Sarkin Rijiya. Aikinsa ya ɗaura dutse a bakin igiya, ya zura har ya ji ya taɓa ƙasa, ya jawo, sannan ya auna inda ya jiƙe da faɗin hannuwansa, daga yatsun dama zuwa na hagu, abin da ake kira gaba. Shekara da shekaru wani tsoho ne ke riƙe da aikin, ana kiransa Dogo, don sai ya sunkuya yake shiga zauren fada. Daga bakinsa gari ya haddace magana ɗaya: in bazara ta raba, ruwa ya kai gaba huɗu, za a ga damina; in ya gaza haka, a nemi mafita. Mahaifina, wanda ya ba ni labarin nan, Allah ya haskaka kabarinsa, in ya kawo nan sai ya ware hannuwansa biyu har ƙirjinsa ya buɗe. Har yau ba na iya wuce wurin nan a labarin ba tare da na ɗan tsaya ba.

Amma Dogo mutumin Yarima ne, shi ya goye shi yana yaro. Da sabon Sarki ya hau, cikin waɗanda aka fara sarewa har da shi. Aka naɗa Guntu, ɗan baiwar da ta shayar da Sarki, mutum mai raha, wanda fadawa ke tsokana cewa in ya hau doki sai a ɗauka dokin ya kuɓuce ba mahayi.

Da bazara ta raba, Yarima ya aiko manzo. Ya ce Sarki ya fita da iyalinsa da dawakinsa ta ƙofar gabas, ba mai taɓa shi, ba kuma mai taɓa kowa a gari. In ya ƙi, wannan ne aike na ƙarshe.

Sarki ya tara majalisa, ya tura Guntu ya auno. Guntu ya dawo da igiya tana ɗiga, ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Allah ya ba ka nasara, gaba huɗu ne cif."

Madaki, shugaban mayaƙa, ya yi dariya. "To, sai su ci gaba da gasuwa a rana."

Galadima, ƙanin tsohon Sarki, bai yi dariya ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ma na leƙa. A irin wannan lokaci, da in na leƙa ina gane rawanina a ciki. Yau ɗan haske kawai na hango, kamar ƙwayar idon kaza."

"Nawa ka samu, Baba?" in ji Sarki.

"Ban auna ba. Ƙiyasi ne."

"Ƙiyasi ko kintace?" in ji Madaki. "Tsoro ma ai yana da nasa mudun, Galadima."

Sarki ya ɗaga hannu aka yi shiru. "Baba, ido ba mudu ba ne."

"Amma ya san kima, ranka ya daɗe."

"Shi ya auna, kai ka kimanta. In na bar awo na bi ƙiyasi na miƙa gari, da wace fuska zan sadu da ubana?"

Ya sa aka miƙa wa manzo igiyar, ya ce, "Ka kai wa yayana, ya matse ya sha."

Daga nan aka shiga jiran hadari. Da farko kowane gida tulu ake ba shi, sai aka koma ƙwarya, daga baya ludayi. Aka yanka dawaki don ba abin ba su. Guga ya fara dawowa da laka. Yara suka daina kuka, kuma tsofaffi sun ce wannan shirun ya fi kukan tsoro. Sama kuwa fes, ko gajimare babu.

Ana cikin haka matar Dogo ta zo gidan Galadima neman ruwa wa jikarta. Ba ta da abin bayarwa sai taguwar mijinta, ta shimfiɗa ta a tabarma. Galadima ya daɗe yana kallon rigar, sannan ya aika aka kira Guntu.

"Sa wannan."

"Haba Baba Galadima, yau ma tsokanar ce?"

"Sa, na ce. Ware hannuwanka."

Guntu ya sa, ya ware. Hannayen taguwar suka wuce yatsunsa suka rataya, kowanne ya yi rarar taƙi guda. Ya dubi dama, ya dubi hagu, sai ya zauna daɓas a ƙasa.

"Wallahi, Baba, ban yi ƙarya ba."

"Na sani, ɗana. Huɗunka ukun Dogo ce."

Da aka gaya wa Sarki, an ce bai yi faɗa ba. Ya dubi ɗan'uwan shan nononsa cikin rigar mutumin da ya kashe, ya ce a aika wa Yarima cewa ya yarda zai fita. Yarima ko ganin manzon bai yi ba.

Abin da aka riƙe na ƙarshen labarin kaɗan ne. Talakawa da kansu suka zare sakatar ƙofa. Sarki ya fita a ƙasa, don babu doki, shi da Madaki, aka kashe su a bakin ganuwa. Guntu kuwa a can ƙasan rijiya aka same shi, ba wanda ya san ko tura shi aka yi ko shi ya faɗa. Ruwan da ya rage bai ko rufe shi ba. Ruwan farko ya sauka a kan sababbin kaburbura, ya yi ta zuba kamar mai ba da haƙuri.

Mai mulki yana iya sare kai da safe ya naɗa wani kafin azahar, rawani kuwa ba ya ƙin kowane kai. Amma hannu ba ya gadon hannu. In mutum ya tafi, yakan tafi da wani abin da ba wanda ya san shi ke ɗauke da shi, sai ranar da aka miƙa hannu a ɗauka, a ji wurin wayam.