Alhajin da Ya Yi Shaidar Mutuwar Kansa

A shekara ta tara ta sarautar Maigari Abarshi, da kakar 1964, ana tsakiyar yankan hatsi, wannan abu ya faru a ƙauyenmu da ke kudu da tafkin Madarumfa. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba. Jikokin mutanen suna nan da ransu, kuma ba su iya jin gaskiya ba.

Tsohon Maigari ya bar 'ya'ya maza biyu, uwa ɗaya: Illo babba, da Abarshi. Illo ya tafi Makka a ƙasa tun uban yana da rai. Da uban ya rasu, dattawa suka ajiye rawani shekara guda suna jiransa. Sai wani fatake ya zo da labarin wai Illo ya mutu a Sudan. Aka yi masa salla babu gawa, aka naɗa Abarshi. Amma Galadima Isa da wasu tsofaffi ba su daina cewa rawanin aro ne ba, kuma Abarshi yana ji.

Illo kuwa bai mutu ba. Shekara goma sha huɗu ya yi a hanya. Ya tsinci auduga a gonakin Sudan, ya ƙetare teku, ya sauke farali, ya juyo da ƙafarsa. Ya yi alwashi ba zai shiga gidan ubansa ba sai ya ziyarci kaburburan waliyyan da ke kewaye da tafki. Sai ya sauka a gindin wata tsamiya. Da safe ya yi alwala a bakin ruwa, ya bi kaburbura, duk wanda ya yi wa addu'a ya ƙulla ƙulli guda a igiyarsa. Da rana ya ɗinke takalminsa, ya dama 'yar gumbar da mata suka ba shi sadaka. Daga tsamiyar yana hangen kawunan rumbunan gidansu, amma bai tambayi kowa komai ba. Daga baya ya faɗa mani cewa hamada ba ta tsorata shi kamar wannan ɗan fili ba, domin muddin bai tambaya ba, duk wanda ya bari yana da rai.

Ya zaɓi mummunan lokaci. A watan nan rediyo ba ya maganar komai sai masu bindiga da ke shigowa a ƙasa ta kan iyaka. Umarni ya zo daga sama: a kama duk baƙo, kuma maigarin da ya ɓoye ɗaya ya rabu da rawaninsa. Mun ji an kashe wani a wani ƙauye tun kafin jandarmomi su iso. Kowa yana tsoron kowa. Ni da nake rubuta wannan ina cikin masu gadi da sanduna, kuma ni na fi kowa zaƙewa, Allah ya yafe mani.

Rana ta uku da hantsi masunta suka nuna mana shi. Muka kewaye shi.

Na ce, “Kai, tsoho! Mi kake ƙirgawa da wagga igiya? Gidajenmu?”

Ya ce, “Waliyyai, ɗana.”

“Ji shi! Ina takardarka ta ɗan ƙasa?”

“Sa'ad da na tashi babu ƙasar. Ina zan samo takardarta?”

Wani ya ce, “Alhaji ne wai! Alhajin da jakarsa ba ko dabino!” Aka yi dariya, irin dariyar matsorata. Na ɗaure hannuwansa, muka ja shi zuwa ƙofar fada, jama'a na biye da duwatsu.

Abarshi ya fito zaure da dogarinsa. Ya dubi fuskar ɗaurarren, ya gane shi. Galadima Isa ya yunƙura zai tashi, ya koma ya zauna. Maigari ya tako a hankali kamar mai duba igiyar, ya sunkuya. Ni ke riƙe da ɗaurin, saboda haka kunnena ya ji, kada wani ya ce mani an ce.

Ya ce, “Yaya, rawani ɗaya ne. In ka faɗi sunanka, ban san ka ba.”

Ya koma kan buzunsa, ya ɗaga murya. “Baƙo, kai wane ne?”

Illo ya dubi duwatsun da ke hannun mutane. Lissafin ba mai wuya ba ne. In ya ce shi ne Illo, Maigari ya ƙaryata shi, to baƙo maƙaryaci a wannan wata ba ya kai azahar. Ya dubi Galadima, Galadima ya dubi ƙasa.

Illo ya ce, “Ranka shi daɗe, sunana Idi. Abokin tahiyar Illo ne, ɗan gidan ga. A hannuna ya cika a Sudan. Ya bar mani wasiyya in yi mashi ziyara.”

Abarshi ya sauke numfashi har muka ji. Ya ce, “Gaskiya ya hwaɗi. Na san da zuwanshi, baƙona ne. Ku kwance shi.”

Duwatsu suka fara zubewa ƙasa. Sai labulen soro ya motsa, Hajara uwarsu ta fito tana laluben bango, don idonta ya tafi tuni. Ba ta taɓa fitowa gaban maza ba. Ta juya fuskarta daidai inda muryar ta fito.

Ta ce, “Bawan Allah, ɗan nawa ya sha wuya kahin ya cika?”

Ya ce, “A'a, Inna. Bai sha wuya ba.”

Ta ce, “To, alhamdulillahi.” Ta koma ciki.

Abin da ya rage na labarin shi ne, Idi ya yi bukka a bayan gari ya zauna shekara goma. Kullum akushi yana fitowa daga ɗakin Hajara zuwa bukkar har ta rasu, kuma a jana'izarta sahun baƙi ya tsaya. Duk garin an san ko shi wane ne. Babu bakin da ya faɗa, har nawa da ba ya shiru. Ya rasu shekarar babbar yunwa, aka rufe shi da sunan Idi. Abarshi ya riƙe rawaninsa har mutuwa, masu kirari suna ce masa adali.

Na ga duniya, na zaga kasuwanni daga Maraɗi har Kano, kuma ga abin da na gane. Mulki bai cika buƙatar takobi ba. Ya ishe shi ya sami jama'a a tsorace da duwatsu a hannu, shi kuwa ya yi shiru. Mutumin da rairayi da teku suka ba hanya, taku arba'in zuwa ɗakin uwarsa suka gagare shi, kuma mu ne muka tsaya a tsakani.