Billen Asana

Ranar kasuwar Yendi Faridatu ta shiga shagon Mutawakilu, riƙe da wani ɗan ambulan. Shi kuwa yana tsugune yana faɗa da firintarsa, hannu duk tawada. Ya ɗago kai, sai ya manta abin da yake gyarawa.

"Sannu da aiki. Za ka iya ƙara wa wannan girma?"

Hoton fasfo ne baƙi da fari, ya tsufa, duk ya kakkarce.

"Mahaifiyata ce," in ji ta. "Ina shekara uku ta rasu, shi kenan hotonta. Babana yana Salaga, idonsa na tafiya, likita ya ce ba magani. Wannan ya yi masa ƙanƙanta. Yana so ya sake ganinta kafin idon ya rufe."

Mutawakilu ya ce gobe ma ta zo ta karɓa. Baki ne kawai. Irin firintarsa mai fesa tawada ce, launuka take gaurayawa ta haɗa ruwan toka, don haka hoton farko ya fito kore-kore, na biyu ya yi shuɗi. Gobe ta zama mako uku, kuma babu wanda ya yi ƙorafi.

"Faridata, yau ma Mma ba ta fito daidai ba. Ba zan ba ki ita haka ba."

"Mai tawada, kar ka kashe kanka. Ka ci abinci kuwa?"

A hankali ya gano kan firintar. Ya kashe sauran launuka ya bar baƙar tawada kaɗai, ya koma takarda marar sheƙi, ya riƙa barin hoto ya kwana ya bushe kafin ya duba shi a bakin ƙofa cikin hasken rana. Sannan ya zauna a kwamfuta ya goge kowane karce, ɗaya bayan ɗaya, saboda tsabar so.

Tare suka je Salaga. Mahaifinta Alhaji Alidu, jikan fataken goro da ya koma sayar da doya, ya kai hoton dab da hancinsa.

"Wace ce wannan?"

"Mma ce, Baba."

"Ina billenta? Wannan ba Asana ba ce."

Ashe ɗaya daga cikin layukan da Mutawakilu ya goge ba karce ba ne, tsaga ce a kumatunta. Tsohon ya miƙa masa hotonsa.

"Na ji abin da ke tafe da kai bayan hoto. Mai goge abin da bai sani ba, ba tare da ya tambaya ba, ba na ba shi 'yata."

Dama ga Razak, mai motocin ɗaukar doya, ya daɗe yana zarya a gidan, yana neman Faridatu. Mutawakilu ya tura saƙo bakwai, Faridatu ba ta amsa ko ɗaya ba. Ya ce a ransa ta zaɓi mai mota. Ya rufe shago ya tafi gida Bawku, abinci ma ya daina shiga.

Rana ta goma saƙo ya shigo.

"Ba da kai nake fushi ba, masoyi. Hoton ya yi shekara ashirin a hannuna, ni ma karce na ɗauka. Ban san fuskar uwata ba. Kunyar kaina nake ji."

Ya karanta, hawaye ya zubo masa. Ya je ya zauna gaban kakarsa Abida yana kallon billenta, har ta ce, "Kai, lafiya? Ko aurena za ka yi?" A nan ya lura karce fari ne fat, tsaga kuwa tana da inuwa a gefe guda.

Ya koma Yendi ya fara daga tushe. Matar baƙa ce, tawada sai ta haɗiye billen. Ya yi ta sassauta duhun kumatun kaɗan-kaɗan. A bugu na goma sha bakwai tsagar ta fito.

Ya kai hoton Salaga, da hantsi aka fito da Alhaji tsakar gida. Ya juya hoton dama, ya juya hagu, ya ɗaga shi wajen rana. Idon ya riga ya rufe.

"Faridatu, zo ki gaya mini abin da kike gani."

Ta duba ta ce, "Layi ne, Baba. Daga gefen hanci ya gangaro kumatun hagu. Yana lanƙwashewa inda take murmushi."

"Ita ce," in ji tsohon, hawaye na bin gemunsa. "Ni na makara. Amma ke kin ga uwarki." Ya lalubo hannun Mutawakilu ya riƙe. "Ɗana, turo manyanka."

Bayan girbin doya aka ɗaura aure a Salaga. Da za a tafi da amarya Yendi, Alhaji ya sa aka sauko da hoton daga bango, ya ɗora mata a hannu.

"Tafi da ita. Ni tana cikin idona, ba abin da zai ƙara goge ta. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'ar da za ta san fuskokinku."