Gidan Mai Yankan Madubi

Ranar da Auta ta dawo daga asibiti, bayan an cire mata nono ɗaya saboda ciwon daji, ta tarar mijinta ya kwashe madubin gidan kaf. Yankan madubi fa ita ce sana'arsa, amma ko na banɗaki bai bari ba. Shi a ganinsa tausayi ne. Ita kuwa ta ɗauka ƙyamarta yake, sai ta koma sauya kaya a ɓoye.

Wata nas ce ta sa mata manhaja a waya, 'yan gajerun darussa na kwantar da hankalin waɗanda suka warke. Kullum da hantsi takan kulle ɗaki ta bi guda.

Umma, uwar mijin, ba ta iya ganin ƙofa a rufe ta haƙura ba. Ta leƙa ta taga, sai ga surukarta ta zame riga a gaban waya.

Da ɗan nata ya dawo, ko takalmi bai cire ba ta tare shi a falo. "Da idona na gani! Tuɓe wa wani take a waya. Mun yi jinya, mun yi haƙuri, wannan kam sai dai ka sawwaƙe mata."

Auta ta fito, hawaye na zuba amma muryarta ba ta rawa. "Umma, kaina nake kallo. Darasin ya ce in riƙa duba tabon kaɗan-kaɗan har in saba. To ina madubi a gidan nan? Sai kyamara." Ta miƙa wa mijin wayar. "Yaya, bincika."

Bai karɓa ba, ya juya ya fita.

"Kin gani ko?" in ji Umma.

Can sai ga shi rungume da dogon madubin da ya yanka wa Auta suna amarci. Ya kafa shi a ɗakinta.

"Don kar ki ji ciwo na cire, ashe ƙara miki na yi. Ki yafe min. Darasin gaba me ya ce?"

Ta yi murmushi. "In nuna wa wanda na yarda da shi."

Kunya ta rufe Umma, da hannunta ta ja musu ƙofar. Auta ta tsaya gaban madubin, shi yana gefenta, kuma bai kawar da kai ba.

Zato zunubi ne, Umma ta koya. Shi kuma ya koyi cewa kafin ka tausaya wa mutum, tambaye shi inda ke masa ciwo.