Matuƙin Jirgi da Gogen Turawa

A bakin ruwan Yelwa Hannah ta fara ganinsa ido da ido, ranar kasuwa, ya miƙo hannu zai karɓi jakarta ta shiga jirgin Warra.

"Taka a hankali, ƙanwata, katakon ga na da santsi," in ji shi.

Murmushinsa ya shige ta, gabanta kuma ya faɗi, don ta san fuskar nan. Wata uku baya ta gan ta a wani zauren Fesbuk na makaɗan kilasika, inda masu fiyano da bayolin, wato gogen Turawa, daga Jos har Legas suke baje kolin iyawarsu. Hannah mai kaɗa fiyano ce a cocinsu. A zauren kuwa da sunan ɓoye take, Gimbiyar Fiyano, kuma kowa na tsoron bakinta.

Wannan matuƙin jirgi, Emmanuel, ya taɓa saka bidiyonsa a can. Ya ɗora bayolin a cinya yadda kakansa ke riƙe goge, tsirkiyar da ta tsinke ya musanya ta da zaren fatsa, ya rubuta: "Ni na koya wa kaina. Don Allah ku gyara mini."

Ita ta fara amsawa: "Wa ke yanka akuya a nan? Malam, koma ka kama kifi."

Mutum ɗari huɗu suka yi dariya. Aka yanko hoton fuskarsa ana yawo da shi a waya, washegari ya fice daga zauren.

Yanzu ga shi yana share mata wurin zama da hularsa. Ta ja bakinta ta yi gum, kuma wannan shirun shi ne mugunta ta biyu da ta yi masa.

Kafin damina ta ƙare, duk ranar kasuwa sai Hannah ta ƙirƙiro dalilin zuwa Warra. Saƙonsa a waya ba ya yankewa: "Tauraruwata, yau ruwa ya kwanta lumui. Wurinki na nan, ban bar kowa ya zauna ba."

Ta mayar: "Matuƙina, tuƙa a hankali, raina na cikin jirgin nan." Tana turawa tana jin kunyar kanta.

Da maganar aure ta taso, babanta, tsohon hedimasta, ya ce atafau. "Wanga da aka yi ma dariya cikin kowace waya? Ba ni ba shi ɗiyata!"

Daniel, shugaban mawaƙan cocin, ya daɗe yana bin Hannah tana kaucewa. Shi ke kula da zauren, shi kaɗai ya san wace ce Gimbiya. Bai yi wata-wata ba ya tura wa Emmanuel hujja.

Tana tsakar wanki saƙo ya shigo: "Hannah, ke ce Gimbiyar Fiyano? Ki ce a'a, zan yarda."

Ta goge kumfar hannunta a zane. Ta rubuta: "Ni ce."

Sati biyu bai ce uffan ba. Ta rame, ta tsani fiyanon kanta. Ran nan ta ɗauki bidiyo da fuskarta da sunanta na gaskiya, ta faɗi abin da ta yi, ta roƙe shi gafara a gaban zauren.

Waɗanda suka tafa mata jiya su suka yi mata caa. "Gimbiya ta faɗa tarun masunci!" Aka yanko hotonta tana kuka, ya zaga Yelwa kaf. Daniel ya ba wata yarinya kujerar fiyano. Babanta ko kallonta bai yi ba da ya ce, "Kin zubar muna da mutunci. In yana sonki shi zo shi ɗauka, ba wani da za ya nemi aurenki."

Emmanuel ya zo kuwa, da kawunnansa biyu. A zauren gidansu ya ce mata, "Na ga abin da sunka yi miki. Na san zafinshi, Tauraruwata. Ba ni barinki ki sha shi ke ɗai."

Bayan Ista aka ɗaura aure a Warra. Ana tsakar biki ta matso kusa da kunnensa.

"Matuƙina, ɗauko bayolin ka kaɗa mini ko sau ɗaya. Wallahi ban taɓa saurarenka har ƙarshe ba."

"Yana ƙasan tafki," ya ce a hankali. "Ran da kinka yi rubutun nan na kai shi tsakiyar ruwa na saki."

"Zan nemo maka wani."

Ya riƙe hannunta. "Na yafe miki har zuciya. Amma ki bari. Duk sadda na tuna kiɗi, dariyar nan nika ji."

Innarsa ta taso ta dafa kawunansu. "Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zuri'a, shi raba ku da mugun baki."

Jama'a suka ce amin. Hannah ta fashe da kuka, mata suka rangaɗa guɗa, suna cewa amarya kukan daɗi take yi.