Ƙofar Da Aka Sa Wa Roba

"Wa yac ce ka sa mata roba?"

"Mansura, saurara mini..."

"A'a. Amsa za ka ba ni. Wa ya aike ka?"

Tsaye take a tsakar sabon gidan da Hafizu ya gina bayan tashar Madawa, gidan da za a kai ta in an cire amfanin gona. Yayarta Hasana da ta rako ta auna ɗaki ta sulale wai duba madafa, alhali kunnuwanta biyu suna nan tsakar gida.

Ƙofar ɗakin ta tol ce, wato fallen ƙarfe, shuɗiya, Hafizu ya ƙera ta da hannunsa, don sana'arsa ke nan: ƙofofi, tagogi, murhu. Sai dai ya bi bakinta kewaye da baƙar robar cikin tayar moto. Ko da ƙarfi ka tura ta, iyaka ta ce "fuf", kamar tsohuwa ta zauna bisa katifa.

"Don ke na yi, sahibata."

"Don ni? Gwaggonka ta zo ta gani. Yanzu har masu albasa na bakin titi sun san amaryar Hafizu iskoki gare ta, sai da aka ɗaure wa ƙohwa baki."

Ya sunkuyar da kai.

Ni dai ba na shiga zancen mutane, amma wannan kowa ya san shi. Mansura bazawara ce. Mijinta na fari, Tanko, ba ya dukanta sai ya fara buga ƙofa. In ya dawo da fushi, ƙofar ke fara sanarwa: garam! Daga nan sai abin da ya biyo baya. Iyayenta sun raba auren, tabon jikinta ya warke, Tanko ma ya tafi cin rani bakin teku ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Amma ƙarar ta ƙi tafiya. Ko faranti ya faɗi, sai gwiwoyinta su saki, numfashi ya tsaya mata a maƙogwaro, ta ji warin wancan ɗakin a hanci.

To, ku dubi ikon Allah. Duk mazan Madawa, malaman lakwal masu koyar da boko da direbobi da masu shago, zuciyarta ba ta ga kowa ba sai wanda yake wuni yana dukan ƙarfe.

Murhun tuyar masarta ne ya ɓule. Ta ɗauko shi, ta tsaya can ƙetaren titi, ta kasa ƙarasawa atalye, wato shagon ƙirar Hafizu, saboda ƙarar guduma. Hafizu ya hango mace rungume da murhu kamar jinjiri, ya aje gudumarsa, ya ƙetaro.

"Baiwar Allah, shi ne ba lahiya ko ke?"

Ta yi dariya. Rabonta da dariya har ta manta.

Ya gyara murhu, ya kawo da kansa. Washegari ya dawo wai duba ko yana ci da kyau. Murhun nan an duba shi har ya gaji da dubawa.

Gwaggo Maimunatu, wadda ta reni Hafizu tun rasuwar uwarsa, ita tana da nata lissafin: ya auri ɗiyarta Rukayya, doguwa, mai jan baki har ranar da ba kasuwa. Ran da aka kai Mansura gaisuwa, Rukayya, da ta riga ta sha labari wurin kitso, ta ɗauko babban tire na ƙarfe, ta zo daidai bayanta, ta sake shi bisa siminti.

Mansura ta farka ta ga kanta ƙarƙashin gadon Gwaggo, hannuwa bisa kai, tana cewa, "Yi haƙuri, yi haƙuri, ba ni ƙarawa..."

"Kash, santsi gare shi," in ji Rukayya.

Gwaggo kuwa ta tafa hannu. "Wagga ba mutum ɗaya ba ce. Ɗana ba shi auren taro."

Tun ranar Hafizu ya shiga ɓoye mata duniya. In ya hango ta tafe sai ya dakatar da aiki. Ya naɗe gudumarsa da tsumma. Har muryarsa ya rage, yana yi mata magana kamar mai jinya. Yanzu kuma ga roba.

"Hafizu," ta ce, "ƙohohi nawa ke Madawa? Dut za ka bi ka sa musu?"

"In ta kama."

"Ran suna hwa? Ran biki? In ɗanmu ya yar da kwano, shi ma roba za ka naɗa mishi?"

Ya ɗago, idanunsa sun yi ja. "To mi kike so in yi? In tsaya in kalle ki kina shiga ƙarƙashin gado?"

"So nike ka dube ni yadda ka dube ni ranar murhu. Ranar ba ka san komi ba, mace ka gani."

Can ya ce, "Gwaggo ta ce in an cire hatsi ba ki warke ba, za ta aika a amso kayan tambaya. Ba ni iya ɗaga mata murya, Mansu. Ita ta goye ni."

"Na sani. Ni zan tahi Keita wurin Inna Jima. Kada ka biyo ni."

Ta fita. Ta so ta buga ƙofar don haushi, ƙofa ta ce "fuf". Hasana ta ƙyalƙyale da dariya a madafa, ta mayar da ita tari.

Ƙauyen kakarta yana gindin tudu. Inna Jima na cikin matan da suka yi aikin furoje na raya fako tun suna da ƙarfi, suka ɗauki duwatsu a ka, suka jera, suka dasa itatuwa a fako inda ko akuya ba ta tsayawa. Yanzu wurin ya zama daji. Da safe hazon ruwa yakan kwanta tsakanin bagaruwa da farar ƙaya, kurciyoyi na kira, ƙasa na ƙamshi kamar sabuwar randa. Mansura takan bi hanya tana jin kamar cikin barci take tafiya. Wani lokaci sai ta ga kamar ga Hafizu can jingine da itace, da baƙin mai a goshi, yana murmushi. In ta matsa, kututture ne.

Inna Jima ba ta tambaye ta komai ba. Hauya ta miƙa mata.

"Zo ki taya ni gyaran rabin wata, ja'ira. Masa ta sa ki taushi."

Rabin wata rami ne mai lanƙwasa, bakinsa na kallon tudu, an tare bayansa da ƙasa da duwatsu. Suna cikin aiki hadari ya taso. Aradu ta faɗi bayan tudu, garam!

Mansura ta durƙushe, hannuwa bisa kai.

Tsohuwar ba ta yi salati ba, ba ta tofa mata komai ba. Zama ta yi kusa da ita cikin laka, ta ɗauki ƙaramin dutse ta danna mata a tafi.

"Matse. Sanyi ko zahi?"

"Sa... sanyi."

"Ina kike?"

"Keita."

"Wa ke gabanki?"

"Ke."

"Ni wa? Kyakkyawar garin nan ko wata?"

Dariya da kuka suka haɗu suka shaƙe ta. Ruwa ya sauko. Suka zauna a cikinsa, suna kallon yadda yake gangarowa daga tudu da gudu, ja wur, ya faɗa rabin wata, ya yi ta juyi, ya yi ta juyi, sannan ya lafa.

"Da muka fara aikin nan," in ji Inna Jima, "wani ya gina katanga miƙe, wai shi hana ruwa wucewa zai yi. Ruwan fari ya tahi da ita. Ba a hana shi zuwa, ɗiyata. Wurin zama ake yi mishi, ya huce, ƙasa ta shanye. Bana kaɗan, baɗi kaɗan."

Mansura ta dubi dutsen da ke hannunta. Ta ɗaure shi a bakin zane.

Sauran damina ta yi ta can. Aradu ta sake kayar da ita, ba sau ɗaya ba. Amma akwai ranar da ta durƙusa ba ta rufe kai ba. Akwai ranar da ta tsaya da ƙafafunta tana karkarwa, tana faɗa wa kanta: Keita, ruwa, dutse, Inna.

Gero ya fara nuna ta dawo Madawa. Ba gida ta nufa ba. Ƙetaren titi ta tsaya, daidai inda ta taɓa tsayawa da murhu.

Hafizu ya hango ta. Guduma ta tsaya a sama. Ya rame, bawan Allah, Rukayya ta yi ta aiko mishi da tuwo yana ba maƙwabta.

"Kada ka aje," ta ɗaga murya. "Kwance tsumman nan. In za ka buga, ka ce mini kawai."

"Mansu..."

"Ka ce mini."

"Zan buga, hasken idona."

Ya buga. Ta runtse ido, ta matse dutse. Madawa. Rana. Warin albasa. Hafizu. Ta buɗe ido, yana nan yana kallonta, ba kallon jinya ba.

Haka suka yi ta yi kowace safiya. Yau tana ƙetare, gobe tana gindin dogon yaro, wata rana ta koma baya don zuciyar ta ƙi. Ƴan kabu-kabu har sun haddace. Da sun ga juna sai wani ya ce, "Zan buga, hasken idona," sauran su kwashe. Ran da ta shiga atalye, ita ta amshi gudumar. Ta ɗaga da hannu biyu ta sauke bisa tol, ƙarar ta bi ta har ƙafa, ta sake ɗagawa, ta sake, tana kuka tana bugu, har tol ɗin mutane ya lotsa.

"Tagar wani alhaji ce," in ji Hafizu a hankali. "Ba komi. Ƙara mata."

Ran da aka ɗaure dammunan ƙarshe, Gwaggo Maimunatu ta aiko a haɗu a sabon gida. Ta zo da Rukayya, Rukayya ta zo da jan baki. Hasana ta kama wuri kusa da taga don kada wani abu ya wuce ta.

Suka tarar da Mansura durƙushe bakin ƙofa da wuƙa, tana ɓamɓare robar. Ta naɗe ta, ta aje gaban Gwaggo, ta gaishe ta har ƙasa.

"An ce kin warke," in ji Gwaggo.

"Ban warke ba, Gwaggo. Har yanzu gabana na hwaɗuwa. Ba iskoki ba ne, mutum ne ya yi mini, kuma ina koyon zama da shi."

Gwaggo ta juya wurin Hafizu. "Ka ji da kunnenka. Ita da bakinta."

Hafizu ya durƙusa kusa da Mansura. Bai ɗaga murya ba.

"Na ji, Gwaggo. Ke kika goye ni, ba ni da kamarki. Amma kayan tambaya sun zauna inda suke. Baffana ya sa rana, Juma'a bayan kasuwar Urno. Ina roƙon ki zo ki sa albarka."

Rukayya ta murguɗa baki ta fice. Gwaggo ta miƙe, ta gyara lulluɓi, ta dubi ɗanta, ta dubi robar da ke ƙasa, ta dubi ƙofar. Duk wanda ya san Maimunatu ya san ba ta barin ɗaki cikin fushi ba ta bar shaida ba.

"Turmi da taɓarya ni zan kawo," ta ce, "don kada a ce ban yi ba. Amma kada wanda ya yi mini magana."

Ta kama ƙofar.

Hafizu ya yunƙura zai tare. Mansura ta riƙe bakin rigarsa, ɗaya hannun na kan dutsen da ke bakin zanenta. Madawa. Gidana. Mijina. Ta ja numfashi, ta ɗago tana murmushi.

"Buga, Gwaggo. Na shirya."

Gwaggo ta harare ta, ta fita, ta maka ƙofar da duk ƙarfin da Allah ya ba ta.

Garam!